Tsakanin 82 da 83

A cikin azumin 2020 ne, lokacin kullen korona, Kano ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Mun idar da asham a tsakar gida tunda masallatai a rufe suke, na ja tabarmata zuwa soro saboda zafi, ina ta latse-latsen waya don barci ya ƙi zuwa. Sai wani ɗan ajinmu na sakandare ya jefo wani abu a zaurenmu na WhatsApp. Wai gwajin ƙwaƙwalwa ne, abin nan da ake ce wa IQ, tambaya ashirin cikin minti goma. Ya haɗo da hoton nasa sakamakon, 131, an rubuta masa a ƙasa cewa ya fi kashi 98 cikin ɗari na mutanen duniya kaifin basira. Nan da nan yara suka shiga turo nasu, wannan 125, wancan 119, ana ta tsiya da barkwanci.

Ni kuwa a lokacin da ciwona a ciki. Sau biyu ina zana JAMB, na ci 168 a karon farko, 174 a na biyu, cikin 400, alhali injiniyan lantarki nake mafarkin zama. Lissafi a WAEC ma D7 na samu. Umma ba ta taɓa yi mini gori ba, amma na san kuɗin fom na biyu daga adashinta ya fito, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na danna. Gilashin wayata a fashe yake, tsagewar ta ratsa daidai inda ake jera zane-zanen da za ka zaɓi wanda ya dace. Agogo yana gudu a sama, shafin kuma sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe tambaya ta gaba. Akwai wadda aka jero kalmomin Turanci huɗu aka ce in fitar da bare a cikinsu, guda ɗaya kawai na san ma'anarta. Wata kuma a kan sulallan Amurka ce, wai in kana da kaza da kaza nawa ke nan, ni da ban taɓa riƙe dala ba balle canjinta. Lokaci ya cika ina kan ta goma sha shida. Sai ga lamba ta fito da jan rubutu: 82. Ƙasa da matsakaici.

Ban tura ba. Da aka tambaye ni na ce data ta yanke mini. Na kifa wayar a ƙirji ina kallon azara har Umma ta tashi ɗumamen sahur.

Yanzu in na ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma ina taya su. Amma wallahi lambar nan shekara guda cur ta yi tana bina. Ba ita ta fara gaya mini cewa ni daƙiƙi ne ba, ni na riga na fara raya wa kaina haka, ita dai ta zo ta buga hatimi. Da lokacin sayar da fom ya zagayo a 2021 na ce wa Umma kada ta wahalar da kanta. Duk abin da na ɗauka ya ba ni wuya, ko lissafin canji ne ya ɗan rikice mini, sai in ji wata murya a raina tana cewa ai 82 ce, me kake tsammani.

Da gari ya buɗe, Kawu ya ce zaman kashe wando ba zai yiwu ba, in zo in riƙa tsare masa rumfar cajin waya a bakin titi. Katako ne aka kafe shi da soket-soket, kowace waya a manna mata lamba da salatif a bai wa mai ita irinta, ga ƙaramin inji a baya yana ta ƙugi yana shan fetur. Nan nake wuni.

Ƙanwata ce ta warware mini abin ba tare da ta sani ba. Tana aji shida na firamare lokacin. Wata ranar Asabar ta kawo mini abinci, ta ɗauki wayata tana wasa, ta ci karo da irin wannan gwajin a Facebook. Ina kallonta tana dannawa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cikin ƙullin gyaɗa, ko karanta tambayoyin ba ta yi, Turancin nata ma bai kai ya kawo ba. Can ta miƙo mini.

"Yaya, me suka ce?"

127. Wai tana dab da sahun haziƙai, kuma in ana son satifiket mai ɗauke da sunanta sai a biya daloli kaza.

Na daɗe ina kallon allon wayar. Daren nan ban yi barci ba. Na sayi datar dare, mai arahar nan da ke fara aiki bayan sha biyu, na nemo shafuka huɗu masu irin wannan gwaji, na ƙudurta cewa amsar farko zan riƙa zaɓa ko mece ce. Na farko ya ba ni 96, na biyu 110, na uku 118. Na huɗu ya ce ba zai nuna mini ba sai na sa adireshin imel da lambar katin banki. Sannan na koma zauren 'yan ajinmu, na yi ta ja sama har na tono wancan na azumi. Na yi shi a natse na ci 104. Na sake yi nan take, tunda na riga na ga tambayoyin, na ci 121. Cikin minti ashirin basirata ta ƙaru da maki 17. A wannan karon ne ma na lura da abin da idona ya rufe ban gani ba a bara: ƙarƙashin sakamakon akwai tallan wasu darussan wasa ƙwaƙwalwa, na kuɗi, kowane wata.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ji mai maganin gargajiya da lasifikarsa ya san wannan ciniki. Kana jin kasala da safe? Bayanka yana riƙewa in ka daɗe a zaune? To sanyi ne ya yi maka yawa, ga magani. Wa ba ya jin kasala da safe? Wasu shafukan kambama ka suke yi don ka sayi takardar da za ka nuna wa mutane, wasu kuma su kushe ka don ka sayi maganin. Wasu ma ba kuɗinka suke so ba, bayananka suke hari. Daga baya na karanta badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018, inda aka bi ta wani ɗan gwajin halayya a Facebook aka kwashi bayanan mutane da yawansu ya kai miliyan 87, mafi yawansu ko gwajin ba su yi ba, abokansu ne suka yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Haushi ne ya sa na shiga bin diddigin inda abin ya samo asali, kuma a iya sanina shi ne karatu na farko da na yi a rayuwata ba don jarrabawa ba. Ashe wani Bafaranshe ne, Alfred Binet, shi da abokin aikinsa Théodore Simon, suka fitar da gwajin farko a 1905, kuma manufarsu ita ce a gano yaran makaranta da karatu ke ba wuya don a ba su kulawa ta musamman. Binet da kansa ya yi tir da masu cewa basira aba ce tsayayya da ba ta ƙaruwa. Wani Bajamushe, William Stern, ya kawo dabarar mayar da ita lamba ɗaya a 1912, sannan Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka ya gyara gwajin ya yaɗa shi a 1916. Gwajin gaske na yau, irin na Wechsler, ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam ne ke zama da kai, ku biyu, sama da awa guda, sannan a gwama abin da ka yi da na ɗimbin sa'o'inka da aka riga aka auna. An tsara shi ne yadda 100 za ta zama tsakiya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutane suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Mai 130 zuwa sama kusan mutum biyu ne kacal cikin ɗari. To ta yaya rabin 'yan ajinmu, da muka sha bulala tare a kan jadawalin sau, suka zama 'yan 120 da 130 a dare ɗaya?

Ba na cewa gwajin gaske shirme ne, ban isa ba, masana suna aiki da shi. Amma ko shi ɗin an lura cewa a ƙasashe da dama makin mutane ya yi ta hawa da kusan uku duk shekara goma a ƙarni na ashirin, abin da aka laƙaba wa sunan James Flynn, malamin da ya yi fice wajen nuna shi. Wani babban nazari da aka buga a 2018 kuma ya nuna cewa kowace ƙarin shekara ɗaya a makaranta tana ɗaga makin da ɗaya zuwa biyar. Ni abin da na tsinta a ciki shi ne lambar tana motsi, kuma karatu yana cikin abin da ke motsa ta.

Ban farka washegari na zama wani mutum daban ba. Abin da ya canza kaɗan ne: na daina jin tsoron buɗe abin da ban sani ba. Kuma abin da ke gabana kullum shi ne injin Kawu da fetur ɗin da yake lashe ribar rumfa. Na fara tambayar kaina ko sola za ta iya ɗaukar wannan aiki.

Na sayi littafin rubutu mai fallaye 80. Sha biyun dare ta yi, in sauke bidiyo daga YouTube, da rana in ba ciniki in zauna in kalla ina tsayarwa ina rubutawa. Yawancin masu bayanin da na fi ganewa Indiyawa ne da 'yan Pakistan, kuma a nan ne kallon finafinan Indiya da Umma ta sha yi mana faɗa a kai ya yi rana, don ina tsintar kalma nan da can, sauran kuma hannunsu nake bi. Dokar Ohm da aka koya mana a aji na haddace na manta, sai ga ta ta dawo da rai. Haka ma 'yar'uwarta ta ƙarfin wuta: bolt sau amfiya shi ne wat. Wannan ɗan layi na rubuta shi ya fi sau hamsin, ta gaba ta baya, har sai da na iya juya shi ido rufe.

Ga lissafin farko da na yi da kaina, yana nan a shafi na goma sha ɗaya. Batirin waya matsakaiciya yana cin wajen wat 15 na tsawon awa guda kafin ya cika. Muna cajin waya kamar 60 a wuni, 900 ke nan. In ka sa asarar da ake yi a caja da inbata (mai mayar da wutar batir irin ta soket) da wayoyi, ka ce 1,200 ko sama. Fanel, wato allon sola, mai wat 300, a ranar Kano da ake lissafa wa kamar awa biyar na rana mai ƙarfi, a takarda 1,500 zai ba ka, amma zafi da ƙura suna cin nasu kason, don haka guda ɗaya ba zai kai mu ba, sai biyu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe 2,400, amma irin na ruwan nan in kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum ba zai yi ƙarko ba, rabin ne naka. Kwana tara na yi kafin lissafin ya zauna, ina yi ina sokewa. Ranar da na bi shi daga sama har ƙasa ban ga kuskure ba, na rufe littafin na fita bakin titi na tsaya kawai ina kallon motoci.

Kawu ya saurare ni har na gama, ya juya littafin kamar mai duba takardar fili.

"Kai ɗan nan, rana kyauta ce, na yarda. Amma wannan allon naka ba kyauta ba ne."

Sai da na yi wata biyu ina masa naci. Daga ƙarshe muka shiga kasuwar Sabon Gari muka sayo fanel biyu na hannu, da kwantirola mai daidaita caji, da batir da ƙaramar inbata. Na haɗa batir da kwantirola tukuna kafin fanel, kamar yadda na gani an yi ta gargaɗi. Fitilar kore ta kama. Kawu bai ce komai ba, sai dai da yamma na ji shi yana gaya wa mai shayi cewa ɗan ƙanwarsa injiniya ne.

Daga nan kai ya fara kumbura. Maƙwabta suka fara kirana, in sa wa wannan ƙwan fitila biyu da fanka, in gyara wa wancan. A 2022 wani Alhaji a bayan layinmu ya ba ni aikin da ya fi ƙarfina, ni kuma ban ce ya fi ba. Inbata mai kilowat ɗaya da rabi a kan bolt 12. Wayar da ta rage mini daga wani aiki, siririya mai lamba 4, da ita na haɗa batir da inbata, fis mai yanke wuta in ta yi yawa ma ban sa ba, don a bidiyon da na kwaikwaya ban ga an sa ba. Na gwada fitilu da fanka da talabijin, komai lafiya. Na karɓi kuɗina har da tukwici.

Kwana huɗu bayan nan, ana shirin sallar Juma'a, wayata ta yi ƙara.

"Kai yaro, zo ka ga aikinka."

Tun daga zaure na jiyo ƙaurin roba. 'Yar gidan ce ta jona dutsen guga za ta goge wa mahaifinta kaya. Allah ya sa Hajiya tana kusa ta ji warin ta ƙwalla kira, aka kashe. Robar wayar ta narke ta zubo a kan batirin kamar kakin zuma, jan ƙarfen ya fito tsirara, bangon ya yi baƙi, ga katifa jingine ba ta fi taku biyu ba. Har yau in na tuna katifar nan sai gabana ya faɗi.

Alhaji ya riga ya kira tsohon da ya yi masa wayarin ɗin gidan tun ana gininsa, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba mai wayarin. Na same shi a tsugune yana murza wayar da yatsa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, dutsen gugar nan wat nawa ne?"

"Dubu ne, Baba."

"Batirinka fa?"

"Bolt sha biyu."

"To raba mini."

Na raba a ka, bakina yana rawa. "Tamanin da uku."

"Amfiya tamanin da uku. Wannan 'yar wayar da ka sa, talatin da 'yan kai ne iyakarta. Ina kake so sauran su bi?"

Layin da na rubuta sau hamsin ne fa. Na san shi kamar yunwar cikina. Abin da ban sani ba shi ne a wane lungu na aiki ake tsayawa a tambaye shi, kuma ba bidiyon da zai leƙo ta kafaɗarka ya ce dakata. Daga baya ina hanyar gida na lura cewa 83 ɗin nan da ɗaya kacal ta ɗara tsohuwar lambata, na yi dariyar da ba ta da daɗi ni kaɗai a titi.

Na mayar wa Alhaji kuɗin aikinsa, na sayo waya mai lamba 25 da fis daga aljihuna, Baba yana tsaye na sake haɗawa. Da muka fito na ce masa ina so in riƙa bin sa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce jakar kayan aikinsa tana da nauyi. Wata takwas na yi ina ɗaukar ta.

Baba iyakarsa firamare, sai koyon sana'a a hannun wani ubangidansa. Bai san sunan Ohm ba, kuma bai damu ya sani ba. Amma yakan ɗora bayan hannunsa a kan waya ya ce wannan tana shan wahala, in ka sa mita ka tarar haka ne. Shi ya koya mini ɗaure kan batir yadda ba zai yi tartsatsi ba, da dalilin da ya sa babban gida ake kai shi bolt 24 ko 48 don amfiya ta ragu waya ta huta, da yadda ake gaya wa mai gida gaskiya cewa kuɗinsa ba za su ɗauki firiza da famfon ruwa ba ko da zai fasa ba ka aikin. Ni kuma na nuna masa bambancin kwantirola mai araha da mai tsadar da ke tatso ƙarin wuta daga fanel, da dalilin da ya sa a Kano ake fuskantar da fanel kudu a ɗan kishingiɗar da shi kamar digiri 12, gwargwadon nisanmu daga tsakiyar duniya. Yakan ce, "Kai da wayarka, ni da hannuna." Wani lokaci cikin dare zai kira ni ya ce in duba masa abu kaza a wajen Indiyawan nan nawa.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, masu inji suka fara neman mafita, aiki ya yi mana yawa har muna turawa wasu. Yanzu ina da ɗan shago da yara biyu. Ba wanda ya taɓa tambayata makina na wani gwaji kafin ya ba ni aiki, abin da suke tambaya shi ne gidan wa na yi wa, kuma in an je an gani batirin yana kai asuba ko ba ya kaiwa. Dokar shagona guda ce da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: kafin ka yanki waya, ka rubuta rabawar a takarda ka nuna mini.

'Yan ajinmu har yanzu sukan turo irin waɗannan gwaje-gwaje, yanzu ma har da masu gaya maka shekarun ƙwaƙwalwarka da sana'ar da ta dace da kai. Mai 131 ɗin nan mutumin kirki ne, muna zumunci, ni na sa masa sola a shagonsa, kuma ban taɓa gaya masa abin da wasansa na dare ɗaya ya jawo mini ba. Ba laifinsa ba ne.

Littafina na rubutu yanzu na bakwai nake ciki. Rabin farko batirin litiyam ne da allon da ke kula da cajinsa, don kasuwa can ta karkata kuma ba na son ranar Juma'ar nan ta maimaita kanta. Rabin baya kuwa lissafin sakandare ne, saboda na yanki fom ɗin NECO ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, ina so in goge D7 ɗin nan in nemi kwalejin kimiyya da fasaha ko da karatun yamma ne. Logaridim ya tsaya mini a wuya sati uku ke nan. Ƙanwata, da yanzu take babbar sakandare, ita ke duba mini aikin bayan isha'i. Jiya ta zagaye mini amsa huɗu cikin goma da jan biro, ta rubuta a ƙasa: a sake, in ji mai 127.